Ragib Tela, Mai Fatsa a Ruwan Laka

Bari in fara da yabo, don kada a ce Hasib mai cuku ya tsufa a kasuwa bai koyi ganin alheri ba. Ƙungiyar masu fatsa ta garinmu ta yi rawar gani. Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ragib Softić, tela, a kan gadonsa, yana da shekara saba'in da takwas. Kayan Allah ne ya koma wa Mai shi, mu ma duk muna bisa hanya. To, kafin la'asar, tun iyalinsa ba su gama buga wa dangi waya ba, ƙungiya ta riga ta buga takardar rasuwa mai koren gefe, ta manna ta a kowane turken lantarki tun daga gada har tashar bas. Takarda mai kauri, mai sheƙi, ruwan sama na zamewa a kanta. Ta iyalin in ka ajiye kusa da ita sai ka ce tikitin mota. Ga hotonsa yana riƙe da kifi, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: "Ɗan ƙungiyarmu mai daraja, uban masu fatsar kogin Tisava." Madalla da wannan hanzari. Shekara arba'in ina kan sikeli, ban taɓa ganin an yi wa mutum gyara mai yawa haka ba, sai bayan an tabbatar ba zai dawo ya karɓa ba.

Domin kai, Ragib, ranar da ka cika ba ɗan ƙungiyarsu ba ne. Shekara tara ke nan da suka kore ka, suka ƙwace takardar izininka ta kamun kifi, suka rubuta a littafin taronsu cewa ka yi maguɗi. Kalmar tana nan a rubuce har zuwa wannan safiya. Ita ce ta ci ka a tsaye, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami, ni da hannuna ya fi sabawa da wuƙar yanka cuku.

Amma bari in ajiye su tukuna, kada su cinye maka ta'aziyyarka kamar yadda suka cinye maka koginka.

Shekara talatin da ɗaya shagonka yana kallon rumfata. Kowace safiya kai ke dafa gahawa, ni ke kawo sukari, kuma kowace safiya sai ka ce sukarin nawa ya kwana a aljihu. Kai ka ɗinka kwat ɗin da na yi aure da ita, kai ka buɗa ta sau biyu da tumbina ya fito, kana cewa, "Hasib, cukun nan don a sayar aka yi shi, ba don mai rumfa ba." Ban taɓa ganin ka mayar da mai faci ba. Tsohuwa ta kawo maka wandon mijinta da ya riga ya zama raga, ka karɓa da hannu biyu kamar an kawo maka alharini.

In keken ɗinki ya yi shiru, sai ka jawo aljihun teburin nan na ƙasa. Ƙananan ƙugiyoyi, ragowar zare, gashin zomo, gashin wuyan zakara. Ka naɗa zare a jikin ƙugiya, ka ɗaura gashi, ka ƙulle, sai ga ƙwaro wanda ko uwarsa za ta rantse nata ne. Ƙuda muke ce masa duka, ko da bai yi kama da ƙuda ba. Saboda ƙudajen nan ka tara baƙaƙen zakaru shida a bayan gida, ba a yanka su ko da Sallah, sai dai a tsinke musu gashi biyu a ba su haƙuri. Matarka Zumreta takan ce ita kaɗai ce mace a duk Bosniya da zakarunta ke mutuwar tsufa.

A shekarun yaƙi, lokacin da muke dafa ganyen daji muna kiransa miya, kai ne kake gangarawa kogi da sassafe, ana harbi daga kan dutse, ka dawo da kifi a cikin riga. Ba ka taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ka naɗe shi a ganye ka ajiye a dokin ƙofa ka wuce. Tsohuwa Milka, wadda duk danginta suka tsallake ta ƙi bin su, ta ci kifinka shekara uku tana zaton mala'iku ne. Uwar Fadil Karalić ma ta ci. Ku riƙe sunan nan. Fadil shi ne mai otal ɗin bakin gada, shi ne kuma shugaban ƙungiya a yau. Yana saurayi ya taɓa wurga fatsa cikin iska ta dawo ta kama kunnensa, ya shigo shagonka da gudu, zare na binsa a ƙasa, jini har wuya. Ka zaunar da shi a kujerar masu gwajin kaya, ka datse bakin ƙugiyar da filaya, ka zare, ka ce, "Wannan shi ne babban kifin da za ka kama bana. A auna shi kafin a saki." Ya yi dariya yana hawaye. Ni na riƙe masa kai.

Tisava kogi ne mai fuska biyu. A watannin zafi sai ka ƙirga tsakuwar ƙasansa, wannan fuskar ce ake bugawa a kalanda. Amma in dusar ƙanƙara ta fara narkewa a kan duwatsu, aka ƙara da ruwan kwana uku, sai ya sauko jajur kamar dusar ƙasan tukunyar gahawa, yana jan rassa da buhuna, yana rurin da ba ka jin maganar wanda ke gefenka. A ranar masu fatsa sukan naɗe sandunansu su cika shagon gahawa, su maimaita abin da suka gada: ba a kama pastrmka, kifin nan namu mai jajayen ɗigo, da ƙuda a ruwan laka. Kifi ne mai ci da ido, in ji su, in bai gani ba ba zai ci ba.

Kai kuwa ranar kake rufe shago da wuri.

"Kifi ba ya ɗaukar azumi don ruwa ya gurɓace," ka ce da ni. "Idonka ne ya daina gani. Cikinsa bai daina jin yunwa ba."

Ni ba mai fatsa ba ne, a faranti na san kifi. Amma sau ɗaya ka ja ni na riƙe maka koma, kuma abin da na gani ban manta ba. Ba ka shiga tsakiya ba, ba ka yi doguwar wurgin nan da ake yi don masu hoto ba. Ka bi gefe a hankali, ruwa iya gwiwa, har zuwa inda saiwoyin itatuwa suka tare ƙarfin ruwan, ya yi ɗan kwanciya mai faɗin tabarma. Ka ce duk kifin da ke da hankali nan ya fake, kamar yadda 'yan kasuwa ke taruwa a ƙarƙashin rumfa in an tsuge. Ka ɗaura wani baƙin ƙuda, ƙato, mai buzu-buzu, da ka naɗa wa darma a ciki don ya nutse. Baƙi ne kaɗai ke yin inuwa a cikin laka, in ji ka. Zare bai fi tsawon sanda biyu ba. Ka sake shi, ka rufe ido, wallahi ka rufe ido, kana saurare da yatsa. Sai na ga sandar ta rusuna. Da ka ɗago shi cikin komar, jajayen ɗigon jikinsa suna ƙyalli a cikin wannan ƙazamin ruwa, ka jiƙa hannu, ka zare ƙugiya, ka mayar da shi kana yi masa godiya kamar baƙon da ya zo gaisuwa.

Akwai kuma gwangwanin. Tsohon gwangwanin man takalmi ne, da gansakuka mai laima a ciki. Duk fitar da za ka yi sai ka juya duwatsu biyu uku, ka ɗebi tsutsotsin nan da ke maƙale a ƙasansu, ka kai su shago, ka ajiye a gaban madubin idonka ka kwaikwayi launinsu da zare. Washegari ka mayar da su ruwa. Rabin garin nan sun ga gwangwanin a buɗe kusa da almakashinka. Wasu har tsokanarka suke yi, wai Ragib ya fara kiwon tsutsa tunda zakaru ba su yi masa riba ba.

To, ga abin da ya faru, don waɗanda suka manta da waɗanda suka ga damar mantawa.

Watan Mayu ne, shekara tara da suka wuce, ranar gasar ƙungiya. An kwana uku ana ruwa. Ba a ɗage gasar ba saboda Fadil yana da baƙi huɗu 'yan Italiya a otal ɗinsa, masu sandunan da kowace ta fi kekenka na ɗinki tsada, kuma ya riga ya yi musu alkawarin kallo. Da safe ya tara su a kan gada, ya nuna musu ruwan, ya ce su yi haƙuri, yau sai dai a sha iska, don duk duniya babu mai kama kifi da ƙuda a cikin wannan. Mutum talatin da ɗaya suka shiga. Dokar yankinmu sananniya ce tun bayan yaƙi: ƙuda kawai, ba tana, ba wani abu mai rai, kuma ka kama, a auna, ka saki. Ni aka ba kwangilar abincin rana, ina bakin gaɓa da tirena na burek, gasasshen fulawarmu mai nama a ciki, da cuku, a idona aka yi komai.

Mutum talatin suka kama kifi biyu a tsakaninsu. Fadil bai kama ko ganye ba. Kai ka kama bakwai, can a lungun saiwoyi inda ba a hango ka daga gada. Duk lokacin da ka ɗaga murya mai awo ya ruga, sai 'yan Italiyan su dubi Fadil, shi kuma ya dubi agogo.

Da aka fito, kafin a miƙa kofi, sai ya gyara murya.

"Kawu Ragib, ba don komai ba, amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Bajro, duba mana aljihunsa."

Bajro mai gadin kogi ne, ajinku ɗaya a makaranta. Ya sa hannu a aljihun rigarka kansa a ƙasa, ya fito da gwangwanin. Aka buɗe. Tsutsa uku suna motsi.

"Wannan fa?" in ji Fadil.

"Samfuri ne," ka ce. "Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga."

Wani daga baya ya ce, "Ashe ƙudan Ragib numfashi yake yi!" Aka tuntsire da dariya. Mutum talatin da suka yini a jiƙe a banza, an ba su dalili, ai dole dariya ta yi daɗi.

Na ajiye wuƙata na ce, "Haba Fadil, ka ji tsoron Allah. Waye a nan bai ga gwangwanin nan a kan teburinsa ba?"

"Hasib, kai dai kula da burek ɗinka kada ya huce. Me mai cuku ya sani a kan kifi?"

Ba ka yi hayaniya ba. Ka rufe gwangwaninka ka ce, "Gobe ma ruwan nan bai kwanta ba. Ku zo da safe. Ku tuɓe ni har ɗan kamfai, ku ba ni sandar da kuka ga dama, ku tsaya a bayana."

Washegari ƙarfe bakwai kana kan dutsen nan na ƙasan gada, sandarka a kan cinya. Ka zauna har aka kira azahar. Ni kaɗai na zo. Na ce ka shiga mana, ni shaida ne. Ka ce shaidar aboki ba ta wanke mutum. Ka naɗe zarenka a bushe muka hau sama. Bayan mako guda suka yi taro, suka kore ka, suka hana ka duk tsawon ruwan da ke hannunsu, kilomita goma sha biyu, tun daga injin katako har mahaɗar koguna. Kogin da ka ciyar da uwayensu daga cikinsa.

Na ji waɗansu suna cewa yanzu, ai doka ta hana riƙe abu mai rai a aljihu, ko me za a yi da shi. Na yarda. A ci shi tara a kan gwangwani, a hana shi kofi, ba wanda zai ce uffan. Amma ba "gwangwani" suka rubuta ba. "Maguɗi" suka rubuta. A kasuwa akwai bambanci tsakanin wanda ya manta bai goge sikeli ba da wanda ya manna darma a ƙarƙashinsa, kuma duk wanda ya haɗa su biyun a buhu ɗaya da gangan ya yi.

Shekara biyar kana hawan bas awa biyu zuwa kogin wasu mutane, har gwiwoyinka suka ƙi. Daga nan sai tsayuwa a kan gada, hannu a baya, kana kallon yara da manya suna dukan ruwa kamar masu wanki. Kowane watan Maris, kafin a buɗe kamun kifi, ka rubuta wasiƙa shafi ɗaya ka kai da hannunka. Amsa ɗaya ce kullum: za a duba a taro mai zuwa. Wasiƙa tara. Taron nan mai zuwa, ban san ta wace hanya ya biyo ba, har yau bai iso ba.

Yanzu zan faɗi abin da na riƙe a ciki, tunda wanda ya hana ni faɗa ya kwanta.

Da ka rufe shago sai ka kawo mini ƙudajenka a cikin akwatin katako, na ajiye a ƙarƙashin teburin cuku ina sayar maka. A ranakun da kogi ya yi garau, baƙi ne ke saye. Amma bari hadari ya haɗu a kan dutse, bari ruwa ya fara sauya launi, sai ka ga 'yan ƙungiya suna zuwa ɗai-ɗai, kowa na waige. "Hasib, ba ni cuku rabin kilo." Ina yankawa sai a sassauta murya: "Baƙin ƙudan nan fa, akwai saura? Sa mini biyar a ƙasan takardar." Mutanen da suka ɗaga hannu aka kore ka. Shi ma mai cewa ƙudanka numfashi yake yi, ya saya har sau goma sha ɗaya, na san fuskarsa kamar ta jabun kuɗi. Fadil ba ya zuwa da kansa, girmansa ya wuce nan. Bajro yake aikowa, kuma Bajro bai iya ƙarya ba, in na ce na waye sai kunnuwansa su yi ja.

Na zo maka a fusace na ce mu daina sayar musu, ko in tsaya a tsakiyar kasuwa in kira sunayensu. Kana ɗaura gashi, ko ɗagowa ba ka yi ba.

"Bar su, maƙwabci. Duk wanda ya saya ya yi mini shaida, ko bakinsa bai faɗa ba."

"Shaidar da aka naɗe a takardar cuku wa za ta wanke?"

"In ka tona su, sun zama maƙiyana har abada. In ka bar su, wata rana kunya za ta kawo su."

Ka fi ni haƙuri, Ragib, amma na fi ka sanin mutane. Kunya ba ta kawo mai saye, sai rahusa.

A watan Maris na bana 'yarka Almasa ce ta rubuta wasiƙar, kana faɗa mata daga kan gado. Ina zaune a wurin. Ka ce ta rubuta cewa ba izini kake nema ba, ƙafafunka sun riga ƙungiya ƙwace wannan. Kalma ɗaya kake so a ja wa layi, kada jikokinka su girma su karanta. Kwana biyu kafin ka cika ka tambaye ta ko an kawo amsa. Ta ce tukuna. Ka ce, "Hala suna taro."

Ranar Laraba bayan azahar muka sallace ka. Da aka idar, liman ya juyo ya fuskance mu kamar yadda aka saba, ya ce, "Jama'a, kun yafe masa?" Sau uku ya tambaya, sau uku muka amsa. Kuma muryar da ta fi kowace tashi, daga sahun gaba, har tattabarun rufin masallaci suka firgita, ta Fadil ce. "Mun yafe!" Ya yafe maka, Ragib. Ka kwanta da sauƙi, Fadil Karalić ya yafe maka. Na ciji leɓena har na ji gishiri, don gaban gawa ba wurin ciniki ba ne. Na daɗe ina ganin wannan al'ada tamu kyakkyawa ce, kuma har gobe kyakkyawa ce, sai dai ranar na lura tambayar hanya ɗaya take bi. Ba a ɗaga likkafani a tambayi mai shi.

Ranar sadakar bakwai Fadil ya zo gidanka da kwalin alewa. Ya shaida wa Almasa cewa ƙungiya ta sa gasa da sunanka, Kofin Ragib Softić, ranar Lahadi ashirin da bakwai ga wata, kuma yana roƙon akwatin ƙudajenka a sa a gilashi a zauren otal. Ta ce, "Shugaba, amsar wasiƙar Baba fa?" Ya ce za a duba a taro mai zuwa. Ta karɓi alewar, ta riƙe akwatin.

Allah kuwa ba a yi masa dabara. Daga Alhamis aka fara ruwa, bai ɗauke ba sai asubahin Lahadi. Muka taru a bakin gada, ga tuta, ga kofi a kan teburi, ga baƙi daga Sarajevo, ga mai ɗauka daga gidan rediyo. Tisava kuwa ya sauko jajur yana ruri. Fadil ya ɗauki lasifika ya ce, cikin baƙin ciki, an ɗage gasar tunawa da marigayi zuwa wani lokaci, domin kowa ya sani ba a kama kifi da ƙuda a ruwan laka.

Ku sake karanta wannan. Ni ma sai da na tambayi na kusa da ni ko kunnena ne.

Sai ga Almasa ta ratso mutane, da baƙin gyale, sandarka a hannu ɗaya, akwatin a ɗaya. Mace ce mai shekara arba'in da biyar da ta yi rabin rayuwarta tana yi wa shanu allura, ba ta buƙatar lasifika.

"Shugaba, ka ce kana son akwatin Baba. Ga shi. Amma ka fara gwada guda ɗaya a gabanmu, kada ka sa kayan maguɗi a gilashi."

"Almasa, 'yar uwa, yau ba ranar wannan ba ce."

"Yau ce ranarsa, ga ruwan nan irin nasa. Kawu Bajro, duba mana aljihun shugaba. Ƙa'ida ƙa'ida ce."

Bajro ya dubi Fadil, ya dube ta. Sannan tsohon nan ya taka, ya juye aljihunan ubangidansa ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a: makullin mota, waya, hankici. "Babu komai," ya ce da ƙarfi. Mai rediyo ya matso da abin ɗaukarsa. Wani baƙo ya fara tafi. Hanyar gudu ta ƙare.

Fadil ya sa wandon robarsa, ya karɓi sandar. Almasa ta buɗe baki za ta gaya masa inda kake tsayawa, sai ta rufe. Don bai jira ta ba. Ya buɗe akwatin, yatsunsa suka wuce ƙuda arba'in suka ɗauki baƙin nan mai darma. Bai nufi tsakiya ba. Ya bi gefe a hankali, ruwa iya gwiwa, kai tsaye zuwa lungun saiwoyi. Ya rage zare zuwa sanda biyu. Ya sake shi. Ina sama da shi a kan gaɓa, ina ganin fuskarsa: ya rufe ido.

A saki na huɗu sandar ta rusuna.

Kifin ya kai daga gwiwar hannu zuwa yatsu, ɗigonsa ja kamar garwashi. Bajro ya auna shi, ya saki, ya cire hularsa, bai mayar ba. Almasa ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba, ta miƙa hannu kawai aka ba ta sandar ubanta. Fadil ya hau gaɓa ruwa na zuba daga jikinsa, ya dubi mutane, ya ce sa'a ce, kifi ɗaya ba hujja ba ne, amma za a gabatar da batun a taron watan Oktoba.

Nan muka tsaya, Ragib. Kalmar tana littafinsu, amma mutum ɗari biyu sun ga abin da suka gani, kuma jikokinka suna kan gada a cikinsu.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya sa kifin da ka ajiye a ƙofofin mayunwata ya tarye ka a ranar da ba a tauye awo. Allah ya shayar da kai daga ƙoramun da ba sa gurɓacewa, ko da yake na san ka, za ka ce sun cika sauƙi. Ga Zumreta, wadda ta yi shekara hamsin da biyu tana shanya maka jiƙaƙƙun safa, da Almasa da 'ya'yanta, da ƙanenka Sulejman da ya zo daga nesa, Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku ga alheri a bayansa. Mu ma in tamu ta zo, Allah ya sa a yafe mana, ya sa kuma mu riga neman yafiyar waɗanda muka cuta tun suna iya amsawa.

Ga 'yan ƙungiya kuwa, kafin Oktoba ku zo ku sayi cuku, ba na gaba da kowa. Sai dai ni mai cuku ne, ban san komai a kan kifi ba, shi ya sa nake neman mai ilimi ya fahimtar da ni: mutumin da ya yi shekara tara yana rantsuwa ba a kama kifi da ƙuda a ruwan laka, a ina ya koyi rufe ido?